Shekarar da Na'ura Ta Ga Citta a Cikin Jarirai

Duk shekara sai an turo mana masu bautar ƙasa, kuma tun kafin su ajiye jaka tambayarsu ɗaya ce: "Anti Rahi, ina na'urar take?" Na'ura suka zo gani. An faɗa musu a jami'a cewa akwai wani ƙarfe a Tamale da ake ɗiga wa ruwa ya karanto DNA na ƙwayoyin da ke zaune a hanjin mutum, to a ganinsu aikin ke nan: ka ɗiga, ka danna, ka je ka ci wake da shinkafa ka dawo. Nakan nuna musu ita, don ba wani girma gare ta ba, ba ta kai akwatin rediyo ba. Daga nan sai in miƙa wa kowa safar hannu da ɗan cokalin roba, in buɗe kular da aka kawo da safe. Wanda ya toshe hanci ya ja da baya, na san ba zai daɗe tare da mu ba.

Sana'ata kashin jarirai ce, ban taɓa ɓoyewa ba. A cikin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Mutanenmu sun saba haɗa su duka su ce ƙwayoyin cuta, amma yawancinsu zaman lafiya suke yi da mu, har su ne ke taya hanji narkar da abinci. Kowane irinsu da nasa DNA, kamar yadda kowace zuriya take da tsagen fuskarta. Mu namu shi ne mu ɗebo su daga kashin yaro, mu fasa su, mu wanke DNA ɗin tas, na'ura ta karanta ta faɗa mana su wane ne a ciki. Likitocin da muke wa aiki suna neman sanin dalilin da ya sa wani jariri ke shan nono yana girma, wani kuma yana sha yana ramewa.

Ba da wannan na fara ba. A wani ƙaramin asibiti na koyi aiki, hannun wani dattijo da muke kira Masta Yakubu, muna neman ƙwan tsutsar ciki a ƙarƙashin madubin likita. Mutumin nan sai da ya sa na wanke kwalabe har fatar yatsuna ta yi fari kafin ya bar ni na leƙa madubin. Da zai koya mini fifet, wato ɗan bututun da muke zuƙar ruwa da shi daidai awo, ruwan zoɓo ya jiƙa, ya ce in riƙa kwashe shi ɗigo-ɗigo daga wannan kwalba zuwa waccan a kan farar takarda. Ja ɗaya ya gani a takardar, sai a koma farko. In hannun rigata ya gifta ta kan buɗaɗɗiyar kwalba, tebur yake bugawa har in zabura. Shi ne kuma ya sa mini al'adar kwalbar banza: duk aikin da zan yi, in jera wata kwalba mai ruwa zalla tare da sauran, in yi mata duk abin da na yi musu. In aka ga wani abu a cikinta daga baya, to daga hannuna ya fito ko daga ɗakin.

Sauran kayan aikinmu na yanzu ba su da yawa. Akwai firiza, wadda muke lallaɓawa kamar suruka saboda ɗauke wutar garin nan, da janareta da ke tsaye dominta. Akwai injin da ke wulwula kwalabe har mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Sai kula da ƙanƙara, don kashi in ya sha zafi a hanya, wasu ƙwayoyin su mutu wasu su hayayyafa, abin da ka kai ɗakin gwaji ba shi ne yaro ya fitar ba.

Masu ba mu kaya iyaye mata ne, kuma iri biyu ne. Na cikin gari, Kanvili da Bulpiela, suna da waya. Yaro na yi uwa za ta kira, abokiyar aikina Fuseina ta hau babur ta je ta karɓo. Wani ƙauye kuma can bayan Gbalahi ni aka ba, don ina jin Dagbanci ta wajen mahaifiyata, kuma hanyar ba kowa ke iya ta da damina ba. Can waya sai an hau tudu take kamawa, don haka rana muke tsayarwa, in iso da hantsi. Wadda ke tara mini matan ungozomar garin ce, Mma Sanatu, tsohuwa 'yar siririya mai murya kamar ta mutum uku. Kusan duk yaran garin ita ta yanke musu cibiya, ba wadda ke musa mata. Tun da ta karɓi aikin, ban taɓa zuwa na tarar da ba a shirya ba. Fuseina takan yini tana zagaye ta dawo da rabin kula, ni kuwa kullum tawa cike, kafin azahar ina gida. Dokta Abukari, shugaban ɗakinmu, har misali yake yi da ƙauyen.

A lokacin ba mu da na'urar karantawa, tarawa kawai muke yi a firiza. Da abokan aikinmu na ƙasar waje suka aiko da ita, muka zauna muka karanta na shekara guda. Na cikin gari suka fito yadda ake zato. Na ƙauyena kuwa, abin da ya fito ya ɗaure wa kowa kai. Jariran da ba su taɓa sa komai a baki ba sai nono, na'ura ta ce akwai DNA na citta a kashinsu, akwai na barkono, ga kuma ƙwayoyin da a ruwan tafki ake samunsu, birjik. Ni na ɗebo su, ni na ɗauko su a babur, ni na fasa su a bencina, wato teburin aikina. Kuma duk wanda ya san ni ya san ba na fara aiki sai na sha kokon wata mata a Bulpiela, mai citta da barkono har ya tsargi maƙogwaro.

Dokta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. "Madam Rahi, mutanenmu na waje sun duba. Sun ce citta da barkono, wannan abin karyawa ne, ba hanjin jariri ba. Sun ce hannun da ya taɓa kwalaben nan ba shi da tsabta."

Na ce, "Dokta, kokona a waje nake shan shi, gindin darbejiya. Ban taɓa ƙetare ƙofar nan da shi ba."

"Ni na yarda da ke," in ji shi. "Amma ba ni na sayi na'ura ba. In damina ta wuce ba mu gano bakin zaren ba, za su ɗauke kayansu, a koma aika musu kwalabe a daskare. Bencinki kuma rufe shi za a yi."

Na fita raina a ɓace. A sana'ar nan in aka ce kina da jinkiri, kina iya gyarawa. In aka ce hannunki ba shi da tsabta, babu ɗakin gwajin da zai sake ba ki ko kwalbar fitsari ki riƙe. Na kuma san in na'urar ta bar Tamale ba za ta dawo ba, mu koma masu kwasa, wasu can su karanta. Na ce a raina sai na ga ƙarshen abin nan.

Na fara da kaina. Na daina shan koko gaba ɗaya, har mai kokon ta aiko tambaya ko lafiya. Na wanke benci da bango, na zubar da magungunan wanke DNA na buɗe sababbi. Na daina sa ƙanƙara tsirara a kula, na riƙa ƙulle ta a leda biyu don kada ruwanta ya taɓa murfin kwalba. Da na kawo kaya na gaba, na miƙa wa Fuseina, na tsaya a waje ina kallonta ta taga tana fasawa. Aka karanta. Kwalbar banza ta fito fes, babu komai a cikinta. Na jariran kuwa, citta na nan, barkono na nan, ruwan tafki na nan. Na ɗauka wannan ya wanke ni. Mutanen ƙasar waje suka ce ya wanke ɗakin dai, saura hanya, hanyar kuma a hannuna take.

Abu ɗaya ya rage ban gani da idona ba, shi ne lokacin da kayan ke rabuwa da yaro. Kullum a shirye nake tarar da shi a 'yan kwanonin da muka raba. Ranar zuwa ta gaba ina idar da sallar asuba na tayar da babur, ban gaya wa kowa ba. An kwana ana ruwa, na faɗi a laka sau ɗaya bayan Gbalahi, na tashi na ci gaba. Rana ba ta gama fitowa ba na jingine babur a bayan gidan Mma Sanatu. Tun daga zaure nake jin kukan jarirai, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Matan suna zaune a tabarma a jere, kowacce da nata a cinya. Mma Sanatu na durƙushe gaban dutsen niƙa tana murza citta da jan barkono. Gefenta ga kwano da ruwan da aka ɗebo daga tafki, a cikinsa ga bentuwa na iyo. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san bentuwa, 'yar robar nan mai ƙoƙo da dogon baki da ake zuƙar ruwan magani da ita a matsa wa yaro ta ƙasa in cikinsa ya ɗaure. Ni ma kakata ta yi mini, har yau ban manta zafin ba. Wata yarinya mai suna Azara ta riga ta kifa 'yarta a kan ƙafafunta tana jira.

Mma Sanatu ta ɗago ta gan ni, ta washe baki. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta. "Ei, Madam! Yau ka yi sammako paa. Ba mu gama ba tukuna. Zauna, yanzu-yanzu za ka samu."

Na ce, "Mma, me ake yi haka?"

"Aikinka ne muke yi mana. Yaro shi san ranar da ka ke zuwa? Ka hau moto tun daga Tamale, rana ya duke ka, laka ya duke ka, sannan ka koma da kula wofi? A gidana? Ko kusa."

Na tsaya da laka har gwiwa ina kallon dutsen niƙan nan. Shekara guda muna tambayar matan nan me yaro ya ci, me ya sha, an ba shi maganin asibiti ko ba a ba shi ba, suna ba mu amsa ta gaskiya. Duk tambayarmu a kan abin da ya shiga ta baki ne. Na ji sanyi a raina don na ga inda cittar take fitowa. Na kuma ji zafi ƙwarai, don kukan da yaran nan suke yi, saboda zuwana suke yin shi. Na roƙe ta da girman Allah ta ajiye bentuwar. Ta ajiye, amma fuskarta ta canza, kamar na mayar mata da abincin da ta zuba mini.

Da na ba Dokta labari sai da ya cire tabarau don dariya, sannan ya tsaya cak. "Labarin ya yi daɗi, Madam Rahi, amma mutanen nan ba sa karɓar labari. Ki kawo kaya daga garin nan, da hannunki, a karanta a ga babu komai. Ga masara ta fara bushewa."

Maganar hatsarin bentuwa ga jariri, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa awon yara ta ɗauki wannan, ita ta san yadda take bi da su. Ni nawa shi ne in zauna in jira yaro ya yi don kansa. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar farko aka fito mini da kujerar roba, ita kaɗai ce a gidan, aka kafa ta a inuwa. Aka kawo ruwa, aka kawo tuwo. Duk gidan ya tsaya, ba mai daka ba mai wanki, kowa na satar kallon kulata. Mma Sanatu ta wuce ta dawo, ta wuce ta dawo, can ta sunkuyo kunnena. "Ƙarami kawai, Madam. Ba barkono. Ruwa zalla." Na ce a'a. Da la'asar na ɗaure kula babu komai na tafi, ko rakiya ba ta yi mini ba.

Zuwa na biyu ya fi muni. Rabin matan sun goya yaransu sun tafi gona tun da duhu, don kunyar in zauna ina kallonsu ba su da abin ba ni. Mma Sanatu ta ce mini a fili, garin ya fara magana, wai ta zaunar da baƙo a rana kamar wanda aka yi wa laifi. "Gidan ubana baƙo ba shi tafi haka. In ba ka so namu, ka daina zuwa." A hanyar komawa na yi ta juya maganar. Ba taurin kai take yi ba. Muddin ina kan kujerar nan da farar riga, ni baƙuwa ce, kuma dole a sallame ni da abin da na zo nema.

Zuwa na uku na bar farar riga a gida, na ɗaura tsohon zane. Lokacin cirar gyaɗa ne, na tarar an jibge ta da ganyenta a tsakar gida mata na tsinka. Yaro ya ruga ya ɗauko kujera, na ɗauke ta da kaina na mayar ɗaki. Na tura kula ƙarƙashin rumbu, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, na zauna a ƙasa na jawo dami guda.

"Baƙo ba shi tsinka gyaɗa," in ji Mma Sanatu.

Na ce, "To ai ni ba baƙuwa ba ce, Mma."

Matan duk suka sunkuyar da kai. Can sai ta daka mini tsawa da Dagbanci, irin wadda take wa matan 'ya'yanta, wai wace irin tsinka ce wannan, rabin gyaɗar na bari a jikin saiwa, a gidan wa aka raine ni. Matan suka fashe da dariya. Ta ƙara da cewa in na gama damin in tashi in ɗauki bokiti, randa ba ruwa. Na ɗauka na tafi tafki. Tun daga ranar ba wanda ya sake fito mini da kujera, kuma in na tashi tafiya da kula babu komai, ba wanda abin ya dama.

Da hantsi ya ɗaga a zuwa na gaba, Azara ta ƙwala kira daga bayan ɗaki: "Madam! Ta yi!" Na watsar da gyaɗa, na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu da ruwan da na zo da shi, na sa safa biyu. Daga tsakiya ake ɗiba, inda bai taɓa zane ba bai taɓa ƙasa ba, ɗan kaɗan a bakin cokali, a rufe kwalba, a kai ƙanƙara kafin a ce komai. Haka na yi ta zuwa. Wata rana in samu ɗaya, wata rana in dawo da ciwon baya kawai. Farcena ya yi baƙi, kullum sai na goge shi da buroshi kafin in doshi ƙofar ɗakin gwaji. Kafin a gama ɗaure gyaɗar garin a buhu, na tara abin da zai isa a karanta.

Ni na fasa su da hannuna, na ce kada kowa ya taya ni. Na girgiza su da 'yan ƙananan duwatsun gilas har ƙwayoyin suka farfashe, na wulwula, na tace, na wanke, na sake wankewa, har abin da ya rage a gindin kowace kwalba ɗigo ne fari kamar ruwan sama. Na ɗiga wa na'ura. Dokta ya tsaya a bayana da hannu a aljihu, Fuseina na bakin ƙofa tana ta salati a hankali. Sunaye suka fara hawa allon kwamfuta. Ƙwayoyin da ke rayuwa a kan nonon uwa ne suka cika shi, iri ɗaya na bin iri ɗaya. Muka jira har aka gama. Babu citta, babu barkono, babu na tafki ko ɗaya.

Dokta ya ce, "A tura musu yanzu." Na'ura ta zauna, ga ta nan har yau, bencina ma yana nan. Tsofaffin kwalaben ƙauyen kuwa, aikin shekara guda, ni na kwashe su daga firiza na kai wurin ƙonawa, don ba su da sauran amfani. Wannan ya yi mini ciwo, kuma shi ya sa duk wanda zan koya wa aiki yanzu, sai ya je ƙauye ya ga fitar kaya da idonsa kafin in bar shi ya taɓa fifet.

Da na koma garin, na tarar da Mma Sanatu tana shanya gyaɗa a kan daɓe. Ba ta ɗago ba ta ce, "To, injin naka, me ya gani a cikin yaran?"

Na ce, "Alamar nono kawai, Mma. Ba komai sai nono."

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ka bar aikinka, ka zo ka tsinka mini gyaɗa har ya ƙare, ka ɗebo mini ruwa, duk don injin shi gaya maka jariri nono yake sha?"

Na ce, "E, Mma. Amma yanzu in na faɗa, an yarda."